Wanke tawul ɗin goge mota: da hannu ko da injin wanki?

Tawul ɗin maikurofaiba, wanda ake goge mota da shi, haɗin zaren poliyesta ne da nailan, sau da yawa kashi 80 da kashi 20. Siririn zarensa ne ke kama ƙura, kuma shi ne ke toshewa idan man ƙyalli da maiƙo suka taru, har tawul ɗin ya daina shan ruwa.

Wankin hannu ya fi tausasa wa zaren. A jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulun ruwa na kamar minti 15, a cuɗa a hankali. Amfaninsa babba shi ne kana ganin kowace tsakuwa ko ɗan ƙarfe da ya maƙale, ka cire kafin ya karce fentin mota. Matsalarsa ɗauraya: hannu ba ya cika fitar da sabulu duka, ragowar kuma ita ke sa tawul ya yi tauri.

Inji ya fi ɗauraya nesa ba kusa ba, ya kuma fi dacewa da mai tawul da yawa. Sai dai yana da sharuɗɗa. Kada zafin ruwa ya wuce digiri 40, kada a haɗa da kayan auduga domin zai kwashe burbushinsu, kuma a guji bilic da ruwan tausasa tufafi, wanda ke shafe zaren da maiƙo. Rabin kofi na farin ruwan khal a ɗauraya ta ƙarshe yana farfaɗo da tawul ɗin da ya taurare.

Ni dai na fi son inji ga tawul ɗin jikin mota. Tawul ɗin goge taya da na cikin injin mota kuwa, a wanke su daban da hannu, a shanya a inuwa.