Kafin ka sayi kan jirgi: abin da za ka fara zaɓa in za ka shimfiɗa babban layin dogo a ɗaki

Yawancin masu shiga sha'awar ƙananan jiragen ƙasa da kan jirgi suke farawa. Sun gan shi a hoto, fitila na haske, sai su biya kuɗi. Daga baya su tarar ɗakinsu ba zai ɗauki irin kwanar da jirgin yake bukata ba. Shawarata ka ɗauki tef ka auna ɗakin tukuna, sannan ka zaɓi girman jirgin, sannan tsarin wuta. Kan jirgi shi ne sayayyar ƙarshe.

A wajen girma, gardamar gaskiya tsakanin HO da N take. HO kashi 1 ne cikin 87 na jirgin gaske, tazarar dogayensa milimita 16.5. Ya fi kowanne yawan kaya a kasuwa, kuma da shi 'yan'uwan nan tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka gina Miniatur Wunderland, wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da aka buɗe a Hamburg ta Jamus a 2001, inda layin ya wuce kilomita 15. N kuwa kashi 1 ne cikin 160, tazararsa milimita 9. A fili ɗaya N zai ba ka dogon jirgi mai tarago ashirin yana ratsa tsaunuka, amma ƙura kaɗan ke tsayar da shi, kuma gyaransa sai mai kaifin ido. Ni HO nake so, in dai ɗakin zai ba ka kwanar da nisanta daga tsakiya ya kai santimita 60, don dogayen taragun fasinja ba sa son matsattsiyar kwana. OO na Ingila, kashi 1 cikin 76, a kan dogon HO yake gudu. O, mai girma, na masu zaure ne; Z, ɗan ƙarami, na masu ɗan tebur. Kada kuma faɗin teburin ya wuce inda hannunka zai kai, wajen santimita 75, don tarago yakan sauka daga layi a can lungu.

Sai wuta, inda kuɗi ya fi salwanta. A tsohon tsari, wato DC, dogon kake ba umarni: ka ƙara wuta daga sifili zuwa volt 12, duk kan jirgin da ke kai ya ƙara gudu. Yana da araha, ya kuma isa ga jirgi ɗaya. Amma in kana son uku su yi tafiya kowa da saurinsa, sai ka yanka layin gida-gida, kowane gida da makunninsa da wayarsa, har ƙarƙashin teburin ya koma kamar saƙar gizo. A tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro tushensa, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mai da shi ƙa'idar kowa, wuta na kan dogo kullum, wajen volt 14 a HO. Kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar na'ura mai suna dikoda da lambarta, ba ya motsi sai an kira lambarsa. Ga babban layi, DCC zan ce ka saya tun farko, ko da zai sa ka haƙura da kan jirgi ɗaya a shekarar farko. Kamfanonin NCE da Digitrax da Roco duk suna da na masu farawa. Ka duba ƙarfinsa: kan jirgin HO na zamani yakan ja kusan rabin amfiya, ka ga na'ura mai amfiya 2 jiragi uku zuwa huɗu za ta riƙe, daga nan sai ƙarin busta, wato na'urar da ke ba dogo ƙarin wuta, mai amfiya 5.

A yi hattara da HO na Märklin. Kaya ne masu inganci, amma wutarsu ta wasu 'yan ƙusoshi da ke tsakiyar layin take bi, ba sa gudu a kan dogon sauran kamfanoni.

Dogo kuwa ka sayi na nikel, irin na Peco ko Atlas ko Kato. Na tagulla mai ruwan ɗorawa da ake samu da araha a kayan gwanjo yakan dafe, wuta ta daina wucewa, kullum kana goge. Lambar da za ka gani a kwali, 100 ko 83, tsayin ƙarfen take nufi. Tsofaffin taragu masu zurfin bakin ƙafa sun fi son 100.

Waya ce ba na son a yi mata rowa. Na taɓa dogara da 'yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo, na jona wuta a wuri guda. Wata uku lafiya lau, sannan jirgi ya fara ja da ƙyar duk lokacin da ya kai ƙarshen ɗaki, fitilarsa na lumshewa. Abin da ya kamata shi ne ka ja manyan wayoyi biyu na jan ƙarfe, masu kaurin milimita 2.5 murabba'i, su bi ƙarƙashin layin daga farko har ƙarshe. Daga jikinsu ka fito da sirara gajeru, ka liƙa su da dalma a gefen dogo duk bayan mita ɗaya. Ja a dogo ɗaya, baƙa a ɗayan, kada ka taɓa sauya launin. Babban layi a raba shi unguwa-unguwa, kowace da na'urar yanke wutarta, don kada tarago ɗaya da ya sauka ya tsayar da kowa. In akwai kwanar da ke juyo da jirgi ya dawo ta layin da ya bi, ka sa na'urar sauya fuskar wuta a lissafinka, in ba haka ba wutar dogayen biyu za ta haɗe, ta ɗauke.

Mai odar kaya daga Amurka ya karanta jikin taransifoma da kyau. Wutarsu volt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar wajen 230. Ka bar 'yar tazara kamar kaurin kati a wasu mahaɗai saboda zafin bazara yana miƙar da ƙarfe, ka kuma tanadi mayafin rufe layin lokacin hunturu.

In ka gama jona kowace unguwa, kafin ka ɗora jirgi, ɗauki kwabo ka gitta shi a kan dogayen biyu a wuri mafi nisa da busta. Wuta ta ɗauke nan take, wayarka ta isa. In ta yi jinkiri, ƙara kauri ko ƙara sirara, ka sake gwadawa.