Kingston A400 ko Crucial BX500: wanne za ka sa wa tsohuwar laftof?

Ɗan'uwa, ka ce HP EliteBook 8470p gare ka, mai RAM giga 4 da had disk giga 500, in ka kunna ta sai ka sha shayi ka dawo ba ta gama tashi ba. Mai shago ya ajiye maka SSD biyu (faifan ajiyar bayanai da ya fi had disk sauri), Kingston A400 da Crucial BX500, kowanne giga 480, kana tambayar wanne ya fi.

Kafin komai, kwamfutarka ƙofar SATA ce da ita, mai ɗaukar faifai inci 2.5. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka sayi SSD nau'in NVMe don ya fi gudu, ka ce masa ka gode. Babu gurbinsa a cikinta. SATA kuwa iyakar gudunta bai wuce megabait 550 da ɗan wani abu a daƙiƙa ba, ko wane SSD ka ɗaura mata. Had disk ɗin da ke ciki yanzu da ƙyar yake taɓa 100.

A kan kwali, A400 mai giga 480 yana karantawa da gudun 500, yana rubutawa da 450. BX500 kuma 540 da 500. Wannan tazarar ba za ka taɓa jin ta a hannunka ba, ko wajen tashin Windows ko wajen buɗe Chrome. Garantin kowannensu shekara 3 ne. Akwai kuma abin da ake kira TBW, wato jimillar bayanan da kamfani ya lamunce za a rubuta a kai kafin ya gaji: A400 terabait 160, BX500 terabait 120. Kingston ya yi gaba a nan, amma yi lissafi da kanka. In kullum kana rubuta giga 20, a shekara terabait 7 da 'yan kai ke nan. Mai 120 ɗin ma zai haura shekara 15. Allon laftof ɗin da madannanta za su riga shi mutuwa.

Inda suka yi tarayya shi ne abin da ya sa suke da araha: dukansu babu DRAM, wato 'yar ƙwaƙwalwa mai sauri da ake sa wa wasu SSD. SSD yana riƙe da wani jadawali na inda kowane bayani yake zaune, kamar littafin da mai shago ke rubuta kowane kaya da kantar da yake. Mai DRAM littafin yana kan teburinsa. Marar DRAM sai ya riƙa shiga sito yana duba shi. In aikin kaɗan ne ba ka ganewa, amma ran da Windows ke sabunta kanta, ga shafuka goma a buɗe, ga wani abu kana saukewa, nan za ka ga linzamin ya ɗan daskare kafin ya dawo hayyacinsa.

Bambancinsu na gaske yana fitowa wajen kwafar manyan fayiloli. Duka biyun suna ware wani ɗan yanki mai sauri da suke fara zuba bayanai a ciki. Da zarar ya cika, gudun sai ya faɗi. BX500 ya yi suna da wannan, musamman manyansa da ake yi da ƙwaƙwalwar QLC, wani nau'i mai araha da ke jinkiri wajen rubutu. Kana tura bidiyon biki giga 60, da farko layin na tafiya fes, can sai ka ga ya sauko ya yi kusa da gudun had disk ɗin da ka cire. A400 shi ma yana saukowa, kuma yana da nasa tabon: wasu da aka haɗa da na'urar sarrafawa ta Phison S11 sukan wayi gari kwamfuta na kiran su "SATAFIRM S11", bayanan ciki kuma ba sa buɗuwa. Ba kowanne ke yi ba, amma masu gyara sun san sunan nan sarai. Sannan kamfanonin sukan sauya kayan ciki ba tare da sun sauya sunan kan kwali ba, don haka A400 ɗin da wani ya saya a 2018 ya yaba ba lallai shi ne wanda ke gabanka yau ba.

Ni dai in aikinka Word ne da Excel da intanet da kallon darasi, ka ɗauki wanda ya fi sauƙin kuɗi a cikinsu, in farashi ɗaya ne kuma na fi karkata ga BX500, don tsaiko wajen kwafi ya fi mini sauƙin ɗauka a kan faifan da zai rufe baki da bayanaina. In kuwa kana haɗa bidiyo ko kana tura finafinai a shago, duka biyun ba naka ba ne. Ka ƙara kuɗi ka nemi Crucial MX500 ko Samsung 870 EVO. Suna da DRAM, garantinsu shekara 5, kuma 870 EVO mai giga 500 TBW ɗinsa 300 ne.

Abin da ya fi zaɓin suna muhimmanci a kasuwarmu shi ne jabu. Kingston da Samsung suna cikin waɗanda aka fi kwaikwayo, kuma kwalin jabun wani lokaci ya fi na asalin ƙyalli. In kana kasuwar Farm Centre ko Beirut Road a Kano, kada ka biya ka juya. Sa a ɗaura shi a gabanka, a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar da ke nuna lafiyar faifai. Sabon faifai ya kamata ka ga lafiyarsa 100, awannin aikinsa kusan sifili. In an ce sabo ne kuma ka ga awa dubu uku, na hannu ne aka sake wa leda. Wanda ake shakkar girmansa kuma manhajar H2testw ke tona masa asiri, don tana cika shi da bayanai ta sake karantawa. Akwai wanda zai nuna terabait 1 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Gwajin yana cin lokaci, don haka ku yi magana da mai shagon tun farko kan cewa za ka dawo da shi in ya gaza, kuma ka karɓi rasit mai lambar faifan.

Kada ka sauko giga 120 don rage kuɗi. Windows da sabunta-sabuntarta za su cinye kusan rabi, kuma SSD marar DRAM in ya cika maƙil nan ne yake nuna halinsa. Ka riƙa bar masa kamar kashi 20 cikin 100 fili.

Tsohon had disk ɗin kada ka sayar. Laftof ɗinka tana da gurbin DVD. Akwai ɗan akwatin da ake kira kadi, ana zare DVD ɗin a zura shi da had disk a ciki. Windows a kan SSD, hotuna da bidiyo a kan tsohon. In sauran canji ya rage maka, ka kai RAM ɗin giga 8, DDR3 ce take ɗauka. Da giga 4, Windows za ta yi ta aron wuri a kan SSD ɗin tana rubutawa tana gogewa, irin aikin da A400 da BX500 suka fi rauni a kansa ke nan.