Zaɓen malamin tuƙin jirgi mai ƙarfi: Zariya, ƙetare, da dillalan da ke tsakani

Idan yaro a Nijar ya ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, ya ce tuƙin jirgin sama yake so, Alhaji yakan fara da tambayar sunan makaranta da yawan kuɗi. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne wa zai zauna a kujerar dama kusa da yaron, musamman ranar da zai bar ƙaramin jirgin koyo ya hau mai ƙarfi, domin a wannan gaɓar ce gogewar malami take tsare rai.

A dokar Amurka, jirgi mai ƙarfi shi ne wanda injinsa ya wuce ƙarfin doki 200, kuma ba a yarda matuƙi ya ja shi ba sai malami ya horar da shi ya sa hannu a littafinsa na awoyi. Cessna 172 da ake fara koyo da shi bai wuce 180 ba, Cessna 182 yana da 230, TB-20 yana da 250, Cirrus SR22 kuma 310. Da zarar an ba irin wannan injin wuta a kan titi, jirgin yakan fizga zuwa hagu, sai matuƙi ya danne da ƙafar dama. Ga sandar daidaita farfela, ga zafin injin da ake sa wa ido, ga tayoyi masu naɗewa a wasu jiragen, waɗanda mantawa da su ke sa a sauka a kan ciki. Komai yana zuwa da sauri fiye da yadda ɗalibi ya saba.

Makarantun Amurka suna da jirage birjik, amma da yawa daga malamansu samari ne da suka fara koyarwa da awa 250 ko ɗan sama da haka, suna tara 1,500 da doka ta gindaya kafin kamfanin fasinja ya ɗauke su, kuma ranar da suka cika sai su tafi su bar ɗalibi a hannun wani. Afirka ta Kudu tana da sarari mai kyau, sai dai ba ta san hazonmu ba. Faransa kuwa da yuro ake biya, wannan kaɗai ya isa dalili ga yawancin gidaje.

Zaɓina Zariya ne, wato kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Najeriya da aka kafa a 1964 da taimakon ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Ta daɗe tana koyarwa da TB-9 da TB-20 da Baron 58 mai inji biyu, daga baya ta kawo Diamond DA40 da DA42. Abin da ya fi ja na shi ne sararin da malamanta suka girma a ciki iri ɗaya ne da namu. Wanda ya shekara yana tashi a hazon hunturu, lokacin da ƙasa ke ɓacewa daga ido sai agogunan jirgi kaɗai, ya san abin da ɗan Maradi zai tarar a gida. Ya san kuma cewa a watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, iska takan yi sirara, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, don haka yakan tilasta wa ɗalibi lissafin nauyi da tsawon titi kafin kowace tashi. Ga kuma harshe: tun 2008 ICAO ta wajabta mataki na 4 na Ingilishi ga matuƙan da ke ƙetare iyaka, kuma yaron da ya yi karatu da Faransanci zai fi saurin kamawa a garin da zai iya neman ƙarin bayani da Hausa bayan an sauka. Akan yi ƙorafin karatu yana jan lokaci idan jirage suna gyara, saboda haka a tambayi guda nawa ke tashi a yanzu, a kuma binciki halin hanyar Ɗan Issa da Jibiya, wadda ake bi daga Maradi zuwa Najeriya, kafin a kama ta.

Ko a can ma, malamai ba ɗaya suke ba, kuma zuwa da kai ya fi aike. A nemi sanin awoyin malamin a kan irin jirgin da za a koya, da lokacin da ya tuƙa shi na ƙarshe. A tsaya a kalle shi da safe: gogagge zai tsiyayi mai daga ƙarƙashin fiffike a ƙaramin kofi, ya ɗaga shi a haske yana neman ruwa, ya bi takardar duba da yatsa layi bayan layi ko da ya haddace ta. A tambayi ɗalibansa ko ya taɓa soke tashi saboda yanayi. Wanda bai taɓa sokewa ba, ban amince masa da ɗan kowa ba.

Sai maganar macuta, wadda ta fi ci mini rai. Wani dillali ya karɓe kuɗin karatun ɗan yayana gaba ɗaya, ya ba shi takardar shiga mai tambari da sa hannu, yaron ya isa ya tarar babu sunansa a ko'ina, dillalin kuma ya kashe waya. Irinsu suna yawo a Facebook da WhatsApp da hotunansu sanye da farar riga mai igiyoyi a kafaɗa. Kada a zuba ko dala a asusun mutum; a biya makaranta kai tsaye, kashi-kashi, gwargwadon awoyin da aka tashi. Wanda ya ce zai samo gurbin tuƙi a EAMAC ta Yamai ƙarya yake yi, domin makarantar ASECNA ce, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin wasu ƙasashen Afirka, mai horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi da masu gyaran na'urori. Mafi muni shi ne mai tayin rubuta wa yaro awoyin da bai tashi ba don ya cika 200 da ake nema ga lasisin haya, wato na tuƙin da ake biyan matuƙi. Idan aka gano, lasisin ya tafi, idan ba a gano ba, da fasinja zai je ya koyi abin da ya tsallake.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, yaro ya fara yin gwajin lafiya na aji ɗaya wurin likitan da hukuma ta amince da shi, domin matsalar ido ko zuciya tana iya rufe ƙofar tun daga farko. Sannan a rubuta wa ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, a Yamai a tambayi sharuɗɗan amincewa da lasisin ƙasar da aka zaɓa, a kuma ajiye amsar a rubuce.