Babur mai taya huɗu na shiga daji: abin da za ka duba kafin ka saya

Yawancin masu neman babur mai taya huɗu, wanda ake kira ATV, girman inji suke fara tambaya. A ganina wannan tambaya ce ya kamata ta zo ƙarshe. A siririyar hanyar daji mai saiwoyi da duwatsu da kwazazzabai, da wuya ka sami filin da za ka taka wuta. Abin da zai dame ka bayan awa uku a kan sirdi shi ne ciwon kafaɗu da na baya, sai kuma ko abin hawan zai dawo da kai da ƙafarsa ba tare da an jawo shi da igiya ba.

Fara da ware iri. Akwai na tsere, irin su Yamaha Raptor 700 da YFZ450R, masu kuloci a hannu da giya a ƙafa, sarƙa ke juya tayoyin baya kawai. A kan rairayi suna da daɗi, amma cikinsu na kusa da ƙasa kuma suna son gwani. Akwai masu kujeru biyu da sitiyari irin na mota, kamar Polaris RZR, sai dai da yawansu sun yi faɗi. A dazuzzukan gwamnatin Amurka ma akwai hanyoyi masu yawa da ba a yarda abin da ya wuce inci 50 ya shiga ba. Wanda ya dace da mai son sauƙi shi ne na aiki, mai kariyar ɗaura kaya gaba da baya, wanda tayoyinsa huɗu ke iya ja.

A cikin na aikin, matsakaicin inji, daga cc 400 zuwa 570, ya ishi kusan kowa. Nan ake samun Honda Rancher mai cc 420, da Yamaha Kodiak 450, da Suzuki KingQuad 500, da Polaris Sportsman 570. Kowannensu zai haye tudu da babban mutum da kayansa ba tare da nishi ba. Manya masu silinda biyu, irin Can-Am Outlander 1000, suna da ƙarfi na ban mamaki, amma ka tuna da babban yatsa ake danna totur ɗin waɗannan babura. Taya ta daki dutse, hannunka ya girgiza, yatsa ya danna ba da niyya ba, sai babur ya zabura. A ƙaramin inji ɗan tsalle ne kawai, a babba kuwa yana iya kai ka jikin bishiya. Ga kuma nauyi: matsakaicin ma ya kusa kilo 300, kuma ranar da ya kafe a taɓo kai za ka yi dakon ciro shi.

Inda kamfanoni suka fi rabuwa shi ne giya, kuma a nan maganar ƙarko take. Polaris da Can-Am da Yamaha da Suzuki da Kawasaki suna amfani da bel na roba da ke canja gudu da kansa. Ka saka giyar gaba, ka danna totur, shi ke nan. Babu abin da ya fi wannan sauƙi ga sabon hannu. Rauninsa biyu ne. Idan ruwa ya shiga gidan bel, inji zai yi ta ruri babur bai motsa ba. Idan kuma kana rarrafe a hawa ko cikin laka da babbar giya maimakon ƙarama, bel yana zafi, ka ji ƙaurin roba, kwanansa ya ragu. Yamaha ta rage wannan matsala da tsarinta na Ultramatic, inda wani kuloci na daban ke ɗaukar wahalar tashi, bel ɗin kuma yana zaune a ɗaure kullum. Shi ya sa bel ɗin Kodiak da Grizzly ya yi suna wajen daɗewa.

Honda kuwa hanyarta daban, babu bel a Rancher da Foreman. Giya ce ta ƙarfe, ko ka canja da ƙafa ba tare da kama kuloci ba, ko da maɓalli a hannun hagu, ko ka ɗauki mai DCT da ke canjawa da kansa. Mai giyar ƙafa shi ne mafi ƙarancin abin lalacewa a duk kasuwar, kuma don mai shiga daji mai nisa shi kaɗai, shi na fi natsuwa da shi. Sai dai za ka riƙa jin ɗan fizga lokacin canjin giya, abin da mai bel ba ya yi.

Duk wanda ka ɗauka, tambayi yadda yake riƙe kansa a gangara. Mai kyau, da ka saki totur inji zai riƙe shi ya sauka a hankali. Wasu masu bel ba su da wannan sai a samfuri na sama, kuma saukowa daga tudu mai tsakuwa da birki kaɗai abin tsoro ne.

Idan akwai ƙari guda da ya cancanci kuɗinsa, to taimakon lantarki ne wajen juya kan babur, wanda ake rubuta EPS. Ya fara bayyana a wajajen 2007 a Yamaha Grizzly 700. Amfaninsa bai tsaya ga sauƙin juyawa ba. Idan tayar gaba ta daki kututture, shi ke shanye bugun kafin ya fizge maka wuyan hannu. Gara ƙaramin inji mai EPS da babba marar shi.

Sai tayoyin baya. Akwai masu sanda guda da ta haɗa tayoyin biyu, akwai waɗanda kowace taya ke da shokozobarta tana hawa da sauka ita kaɗai. Na biyun ya fi laushi a gargada, cikinsa kuma ya fi nisa da duwatsu, amma yana ɗan karkata a kwana kuma yana da ƙarin gaɓoɓi da robobin da ke cinyewa. Mai sanda ya fi tauri da sauƙin gyara. Don yawon daji na yini guda, bayanka zai fi son mai shokozoba daban-daban. Makullin da ke sa tayoyin gaba su ja tare, irin na Grizzly da Foreman, sai a laka mai zurfi ko hawan dutse ake bukatarsa.

Ka hau kafin ka biya. Miƙe tsaye a kan matakai, domin a mummunar hanya a tsaye ake tuƙi, ka ga ko hannuwanka sun kai ba tare da ka sunkuya ba. Juya kan har ƙarshe dama da hagu, ka tabbata yatsanka bai bar totur ba. Idan na hannu ne, buɗe akwatin matatar iska ka shafa ciki da yatsa. Ƙura ko busasshen taɓo a bayan matatar na nufin inji ya sha datti. Zaro ma'aunin baƙin mai, idan ya yi fari-fari to an nutsar da babur ɗin a ruwa, ka bar shi. Durƙusa ka duba robobin da ke rufe gaɓoɓin sandunan taya ko sun yage, ka kama kowace taya ka jijjiga ka ji ko boris ya yi sako-sako, ka leƙa lagireto ko laka ta toshe shi.

Idan za ka riƙa ɗaukar wani, sayi wanda aka ƙera don mutum biyu, mai tsawon jiki da kujerar baya. Dogon sirdin na mutum ɗaya an yi shi ne don mahayi ya riƙa matsawa gaba a hawa, baya a gangara. Yaron da bai kai shekara 16 ba, nasa ƙarami ake saya masa. Hular kwano dole ce, kwalta kuma ba wurinsa ba ne, don tayoyinsa masu ƙarancin iska suna kama ta su kifar da shi a kwana. Masu taya uku na da, waɗanda aka daina sayar da sababbinsu a Amurka tun 1988 saboda yawan kifewa, kada arha ta ja ka gare su.

Tsakanin Rancher da Kodiak 450 da KingQuad 500 da Sportsman 570, kowannensu mai EPS, ɗauki wanda bel ɗinsa da matatarsa da boris ɗinsa ke samuwa kusa da kai, kuma akwai bakaniken da ya saba kwance shi.