Wane littafi ya kamata ka fara saya in kana son shiga adabin Filifin?

Ɗalibin sakandare a Filifin akwai littattafai huɗu da an daɗe ba ya tsallake su, a aji bakwai Ibong Adarna, aji takwas Florante at Laura, aji tara Noli Me Tángere, aji goma kuma El Filibusterismo. Biyun ƙarshen nan, da ake taƙaitawa Noli da Fili, na José Rizal ne, gwarzon ƙasar, kuma su doka ce ma ta tsaya musu, wadda aka yi a 1956, ta ce kowace makaranta ta gwamnati ko ta kuɗi har jami'a sai an koyar da rayuwar mutumin da rubutunsa. Shi ya sa yaranmu da ke tafiya can karatun likita ko jinya su ma suke cin karo da sunansa. To matsalar ita ce kana shiga kantin littattafai a Manila, ko National Book Store ne ko wani, za ka tarar littafi ɗaya bugu kala-kala, wani siriri wani jibgege, wani da Tagalog, harshen yankin Manila, wani da Turanci, wani ma zane-zane ne kamar na yara, kuɗin hannunka kuma ba zai sayi duka ba.

Ni dai ra'ayina in kuɗin littafi ɗaya tak gare ka, kar ka fara da Rizal. Ka nemi kundin Bienvenido Lumbera da Cynthia Nograles Lumbera, Philippine Literature: A History and Anthology, wanda ya fara fitowa a 1982 daga baya maɗaba'ar Anvil ta sake buga shi da ƙari. Dalilina shi ne Rizal za ka same shi kyauta a intanet, zan zo kan wannan, amma abin da ke cikin kundin nan in ka ce sai ka tattara shi da kanka za ka sha wuya. Sun bi zamani zamani ne, adabin baka kafin zuwan Turawa, sai mulkin Sifaniya da ya fara a 1565, sai na Amurka daga 1898, sai bayan 'yanci a 1946, kowane zamani su fara yi maka bayanin abin da ya faru da abin da ya sa aka yi rubutu irin wannan, sannan su kawo rubutun kansa ka karanta. Lumbera ɗin ma ba ƙaramin mutum ba ne, a 2006 aka ba shi lambar gwanin adabi na ƙasa. Abu ɗaya da za ka kula kafin ka biya, ka buɗe ciki ka duba, domin akwai bugun da ya bar rubuce-rubuce da yawa a harshensu na asali akwai kuma bugun Turanci, in ba ka jin Tagalog ka ɗauki na farkon to rabin littafin kallo kawai za ka yi masa.

A irin wannan kundin ne za ka gane sigogin adabin nasu, wanda shi ne abin da jarrabawa ta fi tambaya kuma shi ne ɗalibai suka fi haddacewa ba tare da sun taɓa ganin misali ba. Akwai bugtong wato kacici-kacici, akwai salawikain karin magana, akwai tanaga 'yar waƙa ƙwar huɗu da kowane ɗango gaɓa bakwai ne, akwai ambahan na mutanen Mangyan a tsibirin Mindoro da suke sassaƙa shi a jikin gora da rubutunsu na gargajiya. Zamanin Sifaniya ya kawo pasyon, waƙar labarin Annabi Isa yadda Kiristoci suka ɗauke shi da ake rerawa a makon Ista, ya kawo awit da korido, dogayen labarai cikin waƙa, bambancinsu awit gaɓa goma sha biyu ne a ɗango korido kuma takwas. Florante at Laura awit ne, Ibong Adarna korido. Sai balagtasan da aka fara a 1924, muhawara ce amma cikin waƙa, mawaƙa biyu su tsaya gaban jama'a kowa ya kare ɓangarensa da baitoci.

Wanda adabin bakan ne ya fi jan hankalinsa to kundin Lumbera ɗanɗano kawai zai ba shi. Aikin Damiana Eugenio zai nema, jerin Philippine Folk Literature na maɗaba'ar Jami'ar Filifin, littafi guda na tatsuniyoyi, guda na kacici-kacici, guda na karin magana, guda na dogayen waƙoƙin jarumai, haka dai. Masu kauri ne kuma gaskiya sun fi dacewa da mai bincike ko malami, ɗalibin da ke neman shiga kawai ya ɗauki na farkon da ya tattaro kaɗan-kaɗan daga kowanne ya ishe shi. Na waƙoƙin jaruman ne ni na fi so a ce an mallaka in da hali, saboda a nan ake samun irin su Biag ni Lam-ang na ƙabilar Ilokano da Hudhud na ƙabilar Ifugao da Darangen na mutanen Maranao da ke zaune gefen tafkin Lanao a Mindanao, su Maranao ɗin Musulmi ne, waƙar tasu kuma ta girmi zuwan Musulunci wurinsu, UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2005 bayan ta sa Hudhud a 2001. Littattafan makaranta da yawa Manila da Tagalog suka fi kallo, mutanen kudu layi biyu ake ba su a wuce, wannan kuwa asara ce ga ɗalibi.

Yanzu mu zo kan Rizal, inda aka fi yin kuskuren saye. Da Sifaniyanci ya rubuta littattafan nan, Noli aka buga a Berlin a 1887 da kuɗin da abokinsa Máximo Viola ya ranta masa, Fili kuma a Ghent ta Beljiyam a 1891, Turawan mulki suka harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba 1896. Kenan kusan kowa yau fassara yake karantawa, har 'yan ƙasar, kuma fassarorin ba ɗaya ba ne.

Ta Charles Derbyshire ta 1912 ita ce ta kyauta, tana shafin intanet na Project Gutenberg, sai dai ya canza sunayen, Noli ya koma The Social Cancer, Fili ya koma The Reign of Greed, in ba ka san haka ba sai ka yi ta nema ba ka gani ba. Cikakkiya ce ba laifi, Turancin ne na mutanen da, mai nauyi, wanda Turancinsa bai zauna sosai ba zai gaji tun babi na biyar. Ta León Ma. Guerrero ta 1961 ta fi kowacce santsi a baki, kana karantawa kamar da Turancin aka rubuta, amma santsin nan da kuɗinsa, ya gyara abubuwa da yawa ya sassauta wasu, har masani Benedict Anderson ya yi dogon rubutu yana nuna abin da aka rasa a ciki. Ta Soledad Lacson-Locsin da ta fito a 1996 ta fi manne wa abin da Rizal ya rubuta, jimlolin dogaye yadda ya yi su, ga bayanai a ƙarshe. Sai ta Harold Augenbraum ta Penguin, Noli a 2006 Fili a 2011, ita ce wadda wanda ke wajen Filifin zai fi samu cikin sauƙi kuma Turancinta na yanzu ne. Mai jin Filipino kuma, harshen ƙasa da aka gina kan Tagalog, akwai fassarar Virgilio Almario. In kana cikin ƙasar ka sayi Locsin, in kana waje Penguin, in aljihu ba nauyi ka sauke Derbyshire a waya ka yi haƙuri da shi, ko kusa ba ka yi asara ba.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne taƙaitaccen bugun nan na makaranta, babi guda a shafi biyu sai tambayoyi goma a ƙasa. Yana da arha kuma zai iya cin da kai jarrabawa, amma romo ne ba nama. Ga misali, a farkon Noli akwai liyafar da Kapitan Tiago ya shirya wa jarumin littafin Crisóstomo Ibarra da ya dawo daga Turai bayan shekara bakwai, aka kawo farfesun kazar da suke kira tinola, kwanon Fada Dámaso, wani limamin coci, ya zo da ƙashin wuya da wani busasshen fiffike alhali Ibarra ya samu tsoka, fadan ya murtuke ya yi ta dama romon da cokali ya ture kwanon. Da wannan wuyan kazar kaɗai Rizal ya nuna maka girman kan limaman cocin da ke juya ƙasar, wanda ya saba komai mai kyau nasa ne. Taƙaitaccen bugu zai ce maka an yi liyafa Fada Dámaso ya fusata, shikenan. Haka labarin Sisa da 'ya'yanta Basilio da Crispín, yaran da ke kaɗa ƙararrawar coci aka ɗora wa ƙaramin satar kuɗi, uwar ta dafa abinci tana jiran su har ta zautu, wallahi in ka karanta shi cikakke sai ya tsaya maka a rai, a taƙaice kuwa layi uku ne.

In ba za ka iya sayen biyun lokaci guda ba, Noli ne farko, Fili ci gabansa ne, inda Ibarra ya dawo da sunan Simoun dillalin gwal da lu'u-lu'u da niyyar fansa, ba za ka ji nauyinsa ba sai ka san abin da aka yi masa.

Florante at Laura na Francisco Balagtas, wanda ake dangantawa da 1838, shi kuma ka nemi bugun da ya jera Tagalog ɗin a gefe guda fassara ko bayani a ɗaya gefen, saboda Tagalog ɗinsa tsoho ne ko 'yan ƙasar sai da ƙamus. Mai karatu Musulmi zai so ya san wani abu tun kafin ya saya. A zamanin akwai wasan kwaikwayon da ake kira moro-moro, kullum Kirista ya ci Musulmi da yaƙi. Balagtas sai ya ɗaure jaruminsa Florante a jikin bishiya cikin daji zakuna biyu na shirin cinye shi, wanda ya zo ya kashe zakunan ya kwance shi ya yi jinyarsa kuwa Aladin ne, yariman Farisa Musulmi, abokin gabar ƙasar Florante. Amma a ƙarshe dai Aladin da masoyiyarsa Flerida an yi musu baftisma, kar wani ya sayar maka da littafin a kan ya fi ƙarfin zamaninsa gaba ɗaya.

Na ƙarni na ashirin nan ne zaɓi ya yi yawa. Gajerun labarai irin Dead Stars na Paz Márquez Benítez na 1925 ba sai ka sayi littafi dominsu ba, suna cikin kundaye da yawa. Nick Joaquin akwai tarin da Penguin ta fitar a 2017, ga labarai ga wasan kwaikwayonsa, marubuci ne na gaske amma jimlarsa ɗaya kan ci rabin shafi, ba da shi zan ce a fara ba. Carlos Bulosan ya fi sauƙin shiga, America Is in the Heart na 1946, labarin ɗan talakan ƙauye da ya tafi ci-rani Amurka yana aikin gona da gwangwanin kifi yana shan wariya, duk wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar waje zai gane abin da yake faɗa. F. Sionil José littattafai biyar ne a jerinsa na Rosales, kar ka kwashe su duka, ka ɗauki Po-on, wanda bugun Amurka ya kira Dusk, in ya kama ka sai ka ci gaba. Mai jin Tagalog kuma kar ya wuce Dekada '70 na Lualhati Bautista, zamanin dokar soja da shugaban ƙasa Ferdinand Marcos ya ƙaƙaba a 1972 ta idon uwa mai 'ya'ya maza biyar, harshenta na gida ne ba ƙaƙale.

Maganar takarda ma abin dubawa ce. Maɗaba'un Filifin kan fitar da littafi ɗaya iri biyu, na takardar jarida mai arha da na farar takarda mai ɗan tsada. Na jaridar bayan 'yan shekaru yake yin ja ya fara karyewa musamman da damshin ƙasar, to littafin da za ka karanta sau ɗaya ka ba wani ka sayi mai arhar, kundin Lumbera da za ka yi ta komawa kansa ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai kyau. 'Yan gwanjon littattafai na titin Recto a Manila ana samun tsofaffin bugu a wurinsu da sauƙi, sai dai ka tsaya ka duba shafukan ko sun cika. In ta intanet za ka yi oda kuma ka ga farashin ya faɗi ƙasa fiye da hankali, ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton shafin da ke ɗauke da sunan mai fassara da maɗaba'a da shekarar bugu kafin ka tura kuɗi, don bango zai iya cewa Noli Me Tángere alhali taƙaitaccen ne a ciki.