Kafin Ka Zaɓi Firemwok, Duba Ƙofar Shigarsa

Duk mai shirin gina manhajar da za ta zauna a gajimare, wato a kan kwamfutocin haya na intanet da ake kira saba, tambayarsa ta farko ba ta wuce: wane firemwok, wato ginshiƙin da ake ɗora manhaja a kai, zai zaɓa, Django ko Laravel ko Node? Ni kuwa in an tambaye ni, nakan ce a fara duba ƙofa. Wato yadda mutum zai buɗe asusu, ya shiga da kalmar sirri, in ya manta ta a ba shi wata, a kuma rufe masa hanya ranar da ya bar aiki. Ta nan ɓarawo yake fara lalube, kuma a nan sabon hannu ya fi tafka kuskure.

Django, wanda aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, ya fito a 2005 daga ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka. Yana zuwa da ƙofarsa a kafe: shiga da fita, sauya kalmar sirri, rabon izini tsakanin ma'aikata, har da shafin mai kula. Ba ya adana kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Niƙa ta yake yi da PBKDF2, kuma kowa ya san gari ba ya komawa gero, don haka ko an sace rumbun bayananka, ɓarawo zai sha wuya kafin ya gano kalmomin mutane. In kana son Argon2, wanda ya lashe gasar hanyoyin niƙa kalmar sirri a 2015, gyara kaɗan ne a saiti. Ga ƙaramar tawaga ta mutum biyu ko uku, Django nake fara nuna wa mutane.

Laravel na harshen PHP, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011, bai gaza ba. Yana niƙa da bcrypt, yana da Sanctum don manhajar waya da Socialite don shiga ta Google ko Facebook. In PHP ka iya, kada ka bar shi don yayi.

Express na Node daban yake. Fili ne aka ba ka, ba gida ba. Babu ƙofa, kai za ka nemo Passport ko makamancinsa ka haɗa, kuma duk kafar da ka bari, taka ce. Next.js na kamfanin Vercel ma sai an jingina shi da Auth.js ko wani kamfani na waje. Gwanaye suna son wannan 'yancin, amma ba na ba mai koyo shawarar ya fara da shi a manhajar da kuɗin mutane zai bi ta ciki.

Gajimare yana da tasa matsalar. Na taɓa duba manhajar wata makaranta wadda iyaye suke ta ƙorafi a kanta: uba zai shiga duba sakamakon ɗansa, ya danna shafi na gaba, sai a ce ya sake shiga. Dalilin shi ne an ƙara saba ta biyu saboda cunkoso, alhali shaidar shigar kowa tana cikin ƙwaƙwalwar saba ta farko. Wanda aka tura ta biyu, baƙo ne a wurinta. Haka express-session, mai riƙe shaidar shiga a Express, yake yi in ba a sauya masa ma'ajiya ba, kuma masu shi sun yi gargaɗi a kan haka. Maganin shi ne a ajiye shaidar a wuri ɗaya da duk sabobi suke gani, ko Redis, wata ma'ajiya mai sauri, ko rumbun bayanai. Django tun asali a rumbu yake ajiyewa.

Wasu sukan guje wa wannan da JWT, tikitin da aka sa wa hannu wanda mai amfani yake yawo da shi. Yana da amfani, sai dai tikitin da ka riga ka bayar ba ya mutuwa sai wa'adinsa ya cika. Ka sallami akawu da safe, in tikitinsa na mako guda ne, ƙofa a buɗe take gare shi har mako. Ka sa wa'adin ya zama na mintuna, ko ka ajiye jerin waɗanda aka soke.

Sai kuma hayar ƙofa daga waje: Auth0, wanda Okta ya saya a 2021, Firebase Authentication na Google, Amazon Cognito, Supabase, Clerk. Suna ɗauke maka nauyin tabbatarwa mai mataki biyu, wasunsu har da mabuɗin zamani na yatsa ko fuska. Amma yawancinsu kuɗinsu yana hawa ne da yawan masu shiga a wata, kuma da dala ake biya. Wanda yake karɓar naira ya ga yadda lissafi ya rikice bayan an saki darajarta a Yunin 2023. Ka yi lissafin masu amfani dubu hamsin tun kana da ɗari biyar. Keycloak, ƙofar da kake kafawa a sabarka, kyauta ne, sai dai kai za ka riƙa kula da sabarsa da sabunta shi.

In jama'arka sun fi sanin lambar waya a kan imel, lambar tabbatarwa ta tes za ta fi musu sauƙi. Kowane saƙo kuɗi ne, wani lokaci ya makara, kuma wanda ya sace layin mutum ya sace asusunsa. Ka sa iyaka ga yawan saƙon da lamba ɗaya za ta nema, in ba haka ba 'yan damfara za su ƙarar da kuɗinka cikin dare ɗaya.

Tambayar da na fi damuwa da ita ita ce ta ranar rabuwa da kamfanin da ka yi hayar ƙofarsa. Firebase yana bari ka fitar da masu amfaninka tare da niƙaƙƙun kalmominsu. Cognito ba ya ba da su, don haka in za ka tashi, ko dai ka riƙa kwashe mutane ɗaya bayan ɗaya yayin da suke shiga, ko kowa ya sake sabuwar kalma, kuma da yawa ba za su dawo ba. Kafin ka sa hannu da kowane kamfani, buɗe asusun gwaji guda goma, ka fitar da su, ka shigar da su wani wuri, ka ga ko tsoffin kalmominsu za su buɗe.