Sikelin da ba ya kai rahoton gidana waje

Ranar da aka sallamo Inna daga asibiti, bayan ta kwana shida ƙafafu a kumbure, likita ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce abu ɗaya yake so in riƙe. A auna ta kowace safiya, bayan ta zagaya, kafin ta karya, da irin tufafin da ta saba sawa. In nauyinta ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, kada mu jira ranar da aka rubuta mana, mu maido ta nan take. Ga mai raunin zuciya irin wannan ƙari ba ƙiba ba ce, ruwa ne yake taruwa a jiki, kuma sikeli kan riga ido gane shi.

Wata bakwai ke nan muna wannan awo, shi ya sa na ga lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da sikelin da muka tsaya a kansa, wato Xiaomi Mi Body Composition Scale 2.

Ba shi na fara saya ba. Na farko a wani shago kusa da kasuwar Dole na ɗauko shi, mai kyan gilashi, ba zan kama sunansa ba. Da na iso gida na sa manhajarsa a salula, sai ta ƙi buɗewa sai na ba ta adireshin imel, ranar haihuwa, tsawo, da namiji ne ko mace. Na zauna ina kallon wurin da aka ce in rubuta shekarun Inna, na ji hannuna ya ƙi. Matar da ko jikokinta ba su taɓa jin adadin shekarunta daga bakinta ba, ni zan ɗauki shekarun, da nauyinta na kowace safiya, in miƙa wa mutanen da ban san ƙasar da suke ajiye su ba? Washegari na mayar da shi, mai shagon ya karɓa ba gardama.

Wani zai ce mene ne a cikin nauyi. Akwai abu da yawa. Wanda ke riƙe da awon mutum na shekara guda zai iya gane lokacin da ya kwanta ciwo, ya gane mace ta samu juna biyu tun kafin dangin mijinta su ji, ya san ranakun da ba kowa a gida. Kuma abin da aka tara wuri ɗaya ɓarawo ya san hanyarsa. A 2018 an kutsa cikin MyFitnessPal, manhajar lissafin abinci da nauyi, aka kwashe bayanan asusu wajen miliyan 150. Mu a Nijar muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP a Yamai don kula da ita, amma in bayanan uwata suna cikin wata kwamfuta a hayin teku, daga Damagaram wa zan kai wa ƙara? Gara tun farko kada su fita.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da haɗa wa ofisoshi layin sadarwa, don haka da ma akwai ƴar kwamfuta Raspberry Pi 4 a ɗakina, tana tafiyar da Home Assistant, manhajar da ke tattara bayanan na'urorin gida wuri ɗaya. Da ita nake duba cajin batirin sola da yawan ruwan da ya rage a tanki, wanda duk ɗan garin nan ya san ba ƙaramin lissafi ba ne. Abin da nake nema shi ne sikelin da zai yi magana da wannan kwamfuta kai tsaye, ba tare da ɗan aike ba.

A nan sikelai suka rabu gida biyu. Akwai masu Wi-Fi, irin na Withings, kamfanin Faransa. An yaba ingancinsu, kuma Home Assistant na iya karanta awonsu, sai dai hanyar doguwa ce: sikeli ya aika wa kamfani, sannan kwamfutarka ta je ta roƙo daga can. Ke nan kamfani ya riga ka gani, kuma ranar da intanet ya yanke lambar ba za ta iso ba sai ya dawo. Akwai kuma masu Bluetooth, waɗanda ba su da hanyar kaiwa intanet da kansu, sai ta salular da ka haɗa su da ita. Su ne abin nema, in har an samu wanda zai yarda ya yi aiki ba da manhajar kamfaninsa ba.

Wannan na Xiaomi ya yarda. Da zarar mutum ya hau lambar ta tsaya, sai ya watsa ta a iska ta Bluetooth, duk na'urar da ke saurare kusa ta ji. Manhajarsa ta asali Zepp Life ce, wadda a da ake kira Mi Fit, amma ban taɓa sa ta ba, ban buɗe asusu ba. Wani ƙanena da ke zuwa sari Kano ya zo mini da shi a kwali, na sa pil huɗu ƙanana irin na AAA, na hau, cikin ƴan mintuna Home Assistant ya sanar da ni ya ga sabuwar na'ura. Matsalar da na samu ta nisa ce. Ɗakin Inna yana can ƙarshen tsakar gida, bango biyu tsakaninmu, saƙon ba ya isowa. Na ɗauki ESP32, ɗan allon lantarki mai Bluetooth da Wi-Fi wanda bai kai kwalin ashana biyu ba, na zuba masa ESPHome, manhajar da ke haɗa shi da Home Assistant, na maƙala shi bayan labulenta da cajar salula. Shi ke jin sikelin ya miƙo wa kwamfuta ta Wi-Fin gida. Na gwada cire layin intanet ɗungurungum na kwana biyu, awo bai fasa shiga ba.

Sunansa dai sikelin banɗaki ne, amma makewayinmu na wankan bokiti ba wurinsa ba ne. A ɗaki yake, kan daɓen siminti, kuma na zana wurin ƙafafunsa huɗu da alli don kada a riƙa matsar da shi. Wannan ba ƙaƙale ba ne. A kan tabarma ko ledar ɗaki mai laushi lambar kan kauce da abin da ya fi rabin kilo, ga wanda kuma ake bibiyar ruwan jikinsa rabin kilo magana ce. A kan siminti na ɗora masa buhun shinkafa na kilo 25 sau uku, bai kauce da fiye da gram 100 ba. Ranar komawa asibiti ma na auna Inna kafin mu fita, abin da nasu ya nuna bai yi nisa da namu ba. Yana ɗaukar har kilo 150. Lambobinsa farare ne masu haske daga ƙarƙashin gilashi, a ɗaki suna fitowa raɗau, a tsakar gida da rana sai ka kare da hannu.

Sai ga abin da ban yi tunaninsa ba. Mako biyu da fara aiki, uwargida ta same ni da dare ina duba zanen awon Inna a salula, ta ga wani layi na biyu a ƙasa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, wannan na wane ne?" Na ce nata ne. Ta ce, "Ka ce ba ka so Turawa su san nauyinmu. To kai wa ya ce ka sani?"

Ban da amsa, domin gaskiyarta ce. Na toshe ƙofar waje na bar ta ciki a buɗe. Sikelin bai san wanda ya hau ba, lamba kawai yake watsawa, ni ne na tsara cewa daga kilo kaza zuwa kaza na Inna ne, daga kaza zuwa kaza na uwargida, ban kuwa tambaye ta ba. Mai kwamfuta a gida shi ne kamfanin gidansa, duk abin da na ƙi wani ya yi wa iyalina ni ma ina iya yi musu. A daren na goge layinta gaba ɗaya a gabanta, na gyara tsarin yadda ba abin da ake ajiyewa sai awon da ya faɗa cikin iyakar Inna ko tawa. Ita kuma na sa mata openScale a salularta. Manhaja ce ta Android wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, ana samunta a F-Droid, rumbun sauke irin waɗannan manhajoji, ba ta neman asusu, kuma awon yana zama cikin salular. Yanzu nata yana hannunta. In ta ga dama ta faɗa mini, in ba ta ga dama ba shi ke nan. Inna ma na koma na yi mata bayani da kyau, ta ce, "Ai don lafiyata kake yi, Allah ya yi maka albarka. Amma ban da surukai."

Ga wanda ba shi da kwamfuta a gida, openScale kaɗai ta ishe shi, kuma ita zan fara ba kowa shawara. Tana zana hawa da saukar nauyi, tana fitar da awon duka cikin fayil da za ka iya nuna wa likita. In salular tsohuwa ce za ta nemi izinin sanin inda kake, kada ka firgita: kafin Android 12 haka tsarin yake, duk manhajar da za ta nemi na'urar Bluetooth sai da wannan izini.

Maganar kitse kuwa, wadda da ita ake tallar irin waɗannan sikelai, a nan zan ja hankali. Akwai ƴan faifan ƙarfe huɗu a samansa. In ka hau ba takalmi, yakan tura ɗan kuran mai rauni, wanda ba a ji, ta ƙafa ɗaya ya fita ta ɗayar, ya auna yadda jiki ya tare shi. Nama mai ruwa na barin kuran ya wuce, kitse na tare shi. Daga wannan lamba ɗaya, da tsawo da shekaru, ake kintatar kitse da tsoka da ruwa da ƙashi. Kintace ne, ba gani ba. A lokacin hunturu, da kaushi da faso suka kama dugadugan Inna, sau da yawa ba ya ma iya karantawa sai nauyi kawai, sai in ta ɗan shafa ruwa a tafin ƙafa. Ni kuma da azumi na gwada kaina, da asuba bayan sahur da kuma dab da shan ruwa. Da yamma nauyina ya ragu, amma kitsen da aka lissafa ya hau. Ba kitse na yi cikin yini ɗaya ba, ruwan jiki ne ya ƙafe cikin zafin da ya haura digiri 40. Don haka ban ɗauki wannan lamba da muhimmanci ba, nauyin nake bi, shi kuma ban kama shi da ƙarya ba.

Wannan kuran ɗin ne ya sa wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya bai kamata ya hau ba ko sau ɗaya, masu juna biyu ma ana ba su shawarar su bari. Na tambayi likitan Inna kafin ta fara, ita ba ta da na'urar. Wanda yake da mai irin wannan na'ura a gidansa ya nemi Mi Smart Scale 2, ɗan'uwansa marar faifan ƙarfe, mai auna nauyi zalla.

Akwai kuma abin da dole in faɗa, tunda sirri muke magana. Saƙon da yake watsawa ba a kulle yake ba. Wanda ke cikin tazarar mita goma ko makamancin haka, da salula da sanin abin da yake yi, zai iya jin lambar a daidai lokacin da aka hau. Ba suna a ciki, kuma bangon gidanmu na cinye saƙon tun kafin ya kai titi, na fita da salula na gwada. Ni na yarda da wannan. Amma mai zaman gidan haya da bango ɗaya tsakaninsa da maƙwabci, ya san da shi. Sababbin samfura irin su S400 suna kulle saƙonsu, sai dai mabuɗin yana cikin asusun kamfanin, sai ka yi rajista kafin ka zaro shi, abin da na gudu tun farko ke nan. Saboda haka in za ka aika a sayo maka, ka rubuta lambar samfurin a takarda, XMTZC05HM, kada a kawo maka wani a ce duk ɗaya ne. Ka kuma duba ma'aunin da yake nunawa, domin waɗanda aka yi don kasuwar Sin kan zo da awon jin, wanda rabin kilo ne, sai mai kilo 60 ya ga 120 hankalinsa ya tashi. Ana iya sauya shi zuwa kilo.

Ajiye bayanai a gida yana da nasa nauyi. Home Assistant kan share tarihin dalla-dalla bayan kwana 10 in ba ka sauya ba, ya bar taƙaitaccen lissafi, don haka na tsawaita na Inna. Katin ajiyar Raspberry Pi kuma ba ya son zafi da yawan ɗaukewar kuran. Tawa tana kan batirin sola, duk da haka kowace Juma'a bayan masallaci nakan kwafe komai zuwa wata ƴar ma'ajiya da ke cikin akwati. Pil ɗin farko sun kai ni wata shida.

Na sa kwamfutar ta riƙa kwatanta awon yau da na kwana uku baya. Sau ɗaya ta taɓa ƙara, wata Talata cikin damina, ina shirin fita aiki. Inna ta tashi daga kilo 61 da gram 200 zuwa 63 da rabi. Na shiga na same ta zaune kan darduma tana jan carbi, ta ce ita lafiyarta lau. Na durƙusa na danna yatsa a ƙaurinta, wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Kafin ƙarfe tara muna asibiti. Likita ya karɓi salular ya duba zanen, ya gyara mata adadin maganin fitar da ruwa, ya ce mu dawo bayan kwana biyu. Ba a kwantar da ita ba, a gida ta yi sallar azahar.